Rimot Ɗin da Wuta Ba Ta Taɓa Ba

Da hantsi ƙarar ta tashi a Mafoni. Ba wata babbar ƙara ba ce, waɗanda ke nesa ma sun ɗauka tayar Keke Napep ce ta fashe. Amma a Maiduguri ta waɗancan shekarun ba wanda ke tsayawa auna girman ƙara. Kafin hayaƙin ya haura rufin kwano layin ya hargitse, mai ɗa ya sungumi ɗansa, mai tire ya watsar da tirensa. A cikin wannan gudun aka bangaje kaskon Ya Gumsu, tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin layin, tafasasshen mai ya kife mata daga ƙirji har cinya.

Lokacin da Sufeto Ajimi ya iso an riga an wuce da ita asibiti. Ajimi dogon mutum ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana, ba ya gaggawar tafiya saboda ciwon gwiwa. Ya tsaya ya ƙare wa wurin kallo. Rumfar cajin waya ce ta ƙone. Tun da aka kayar da turakun lantarki gari ya koma duhu, irin waɗannan rumfuna suka cika unguwanni, kowacce da ɗan janaretanta. Wannan kam teburinta ya yi baƙi ƙirin, wayoyin mutane sun narke sun manne da juna, ƙasan wurin ya jiƙe sharkaf da ruwan da aka kashe wutar.

Mai rumfar yana zaune a cikin caɓin, an ɗaure hannayensa ta baya, leɓensa a fashe. Sunansa Madu. A kansa wani ƙaƙƙarfan saurayi ne tsaye da gora, Hashim, shugaban matasan sintiri na unguwar.

"Yallaɓai, mun kama shi da hujja," in ji Hashim. Ya miƙa wa Ajimi wani abu baƙi mai siffar ƙaramar bindiga, da kunama a ƙasa, da ɗan sitiyari na roba a gefe. "Rimot ne. A ƙarƙashin teburinsa muka same shi."

Ajimi ya karɓa da hankici. Ya jujjuya shi, ya dubi ƙarƙashin teburin, ya sake duban abin da ke hannunsa. Bai ce komai ba sai, "A kwance masa hannu, a sa shi a mota."

Masu kwance bam sun gama tona tokar. Babbansu ya jawo Ajimi gefe ya nuna masa wani ƙonannen abu kamar sandar sabulu.

"Babu albarushi, babu ƙusa, babu ƙarfe. Batir ne ya kama da wuta. Ga cajarsa nan a jone."

"Batirin waya?"

"Ya fi na waya girma nesa ba kusa ba. Ban san na mene ne ba."

A ofis DPO bai ɓoye masa komai ba. Labarin rimot ya riga ya isa sama, gobe masu binciken ta'addanci za su zo su tafi da Madu. Ajimi ya san abin da wannan ke nufi ga ɗan gudun hijirar da ba shi da kowa a gari. Ko da gaskiyarsa, sai ya tsufa kafin a waiwayi fayil ɗinsa.

Ya sa aka kawo Madu, ya ba shi ruwa.

"Daga ina kake?"

"Wani ƙauye ne ta hanyar Bama, yallaɓai. Babu shi yanzu."

"Batirin na wa ne?"

"Wallahi ban taɓa ganinsa ba. Mai ya kusa ƙarewa a injin, na tafi sayowa, na bar wa Ya Gumsu amanar rumfar kamar kullum. Na dawo na zauna ke nan na ji wani abu yana huci a ƙarƙashin tebur. Na sunkuya, na ga buhu yana hayaƙi, na ja da baya. Shi ke nan."

"Rimot ɗin fa?"

"Sai a hannun Hashim na fara ganinsa."

"Kana da abokin gaba a garin nan?"

Madu ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi ƙofa, sannan ya dubi ƙasa.

"Ba ni da shi, yallaɓai."

Ajimi ya ga wannan kallon ƙofar, ya ajiye shi a ransa. Mutum ɗaya ce ta ga wanda ya shiga rumfar a bayan idon Madu, don haka ya aika asibiti. Ɗan aiken ya dawo bayan azahar ya ce Ya Gumsu ta cika, ba ta farfaɗo ba balle ta yi magana. Ajimi ya yi salati. Tun safe binciken gobara yake yi, yanzu kuwa an yi asarar rai.

Ya jawo rimot ɗin gabansa. Abu biyu suka tsaya masa. Na farko, duk abin da ke ƙarƙashin teburin nan ya sha baƙin hayaƙi ya sha ruwa, amma wannan tas yake, ko ɗigon caɓi babu a samansa. Na biyu, robar sitiyarin duk sawun haƙora ne, ƙanana, irin na yaron da bai fara famfara ba.

Ya fara da Hashim, tunda daga hannunsa abin ya fito.

"Kai da Madu kun taɓa samun saɓani?"

"Mun taɓa. Ya ce yarana ba za su riƙa yi masa caji kyauta ba. Ya wuce."

"Ina kake lokacin da ya tafi sayen mai?"

"Ina shingen bakin titi tun safe. Kofur ɗinku yana wurin, tambaye shi. Sai da na ji ƙara na rugo."

"Wa ya ce maka ka duba ƙarƙashin tebur?"

"Wani ne cikin masu kashe wuta. Da Kanuri ya faɗa, ya ce a duba ƙasa, akwai wani abu."

"Ka san shi?"

"A'a. Ya sa takunkumi a fuska. Ba ɗan layinmu ba ne." Ya sosa ƙeya. "Akwai mukullin mota a rataye a yatsansa, yana ta bugun bokitin. Shi ya sa na lura."

Kofur ɗin ya tabbatar Hashim bai bar shingen ba. Ajimi ya sallame shi. A Mafoni, inda kowa da ƙafa yake yawo ko a keke, mai mukullin mota ba shi da yawa.

Tambaya ta kai shi unguwar Lamisula, shagon wani Bakano mai suna Mahfuz, wanda ke gyaran rediyo yana kuma sayar da motocin wasa masu rimot. Da Mahfuz ya ga abin da Ajimi ya ɗora a kan kanta, sai da fuskarsa ta canza.

"Ranka ya daɗe, ni kayan wasa nake sayarwa. Tun da aka fara wannan fitina nake fargabar ranar da za a shigo mini da irin wannan."

"Ban zo kama ka ba. Naka ne?"

"Daga shagon nan ya fita. Ni kaɗai nake kawo irinsa."

Ya sauko da wata mota daga saman kanta, tsawonta ya kai kamu ɗaya, tayoyinta manya masu ƙaya, kowacce da sifirin ɗinta.

"Waɗancan na roba da ke rataye na yara ne, sati biyu su karye a zubar. Wannan daban ce. Gudunta ya fi na keke. Ta daki bango ta tashi ta ci gaba, in wani abu ya karye a kwance a sa sabo. Amma tana son kula kamar motar gaske. A goge mata yashi, a sa mata mai a giya, a bar injin ya huce. A jikin kwalinta ma an rubuta daga shekara goma sha huɗu zuwa sama."

"Batirinta fa?"

"Nan hatsarin yake. Ba a barinsa a rana, ba a barinsa ya mutu ƙurmus, ba a tafiya a bar shi a caji. In ya kumbura ya gama aiki, sai a binne shi a yashi nesa da mutane. Wanda ya sa kumburarre a caji ya rufe shi da wani abu, to wuta ya kunna, lokaci kawai take jira."

"Rimot ɗin zai iya tayar da batirin daga nesa?"

"Ko kusa. Ba abin da ya haɗa su. Shi motarsa kawai ya sani. Kowane rimot da motar da aka ɗaura shi da ita, in ka danna wannan a nan, tawa ko motsi ba za ta yi ba."

Ajimi ya danna kunamar. Motar Mahfuz ba ta motsa ba. Mahfuz ya ɗauko nasa rimot ɗin daga aljihun tebur ya nuna.

"Su wa ka sayar wa?"

"Mutum biyu. Malam Alfred, wani ma'aikacin jinya, shi babba ne, don kansa ya saya. Sai Alhaji Maikuɗi na Fezzan, mai sayar da wake."

"Shi ma don kansa?"

"Don ɗansa. Yaron bai shiga firamare ba. Na ce Alhaji wannan ba ta yaro ba ce, ga ta dubu kaɗan can ta dace da shi. Ya ce shi ɗansa ba ya wasa da ta talakawa."

Duk da sawun haƙoran, Ajimi bai tsallake Alfred ba. Ya same shi a gida ya taso daga aiki. Motarsa na nan, rimot ɗinta na nan, batiransa kuwa a cikin gwangwanin madara cike da yashi yake ajiye su a inuwa. Ya ce ranar Lahadi bayan coci yake fita da ita fili, ita ce abin da ke wanke masa kai daga abin da yake gani a ɗakin masu rauni. Da safen nan yana bakin aiki, shi ma yana cikin waɗanda suka karɓi Ya Gumsu. Ajimi ya yi masa godiya ya wuce.

Ana kiran la'asar ya isa Fezzan. Alhaji Maikuɗi yana kasuwa, uwargidansa Hajiya Rakiya ce ta yi masa magana daga bakin ƙofar falo. Da ta ga rimot ɗin ba ta yi wata-wata ba.

"Namu ne. Ga inda yaron ya ciccije nan. Wannan mota ba abin da ta jawo mini sai masifa, Sufeto. Yaro ba ya iya riƙe ta, ya danna ta ta zo ta fasa mini idon sawu, har yau da tabo. Ya jefa ta a ruwa, ya bar ta a tsakar gida rana ta gasa ta. Ita ko gezau, batirin ne ya kumbura kamar burodi. Na tattara komai na zuba a leda na ba direba ya kai wa mai shagon."

"Yaushe?"

"Makon da ya wuce."

"Ya dawo da ita?"

"Ya ce tana can, sai an kawo batir daga Kano."

"Har da rimot ɗin?"

"Har da shi, har da cajar."

"Direban yana ina?"

"Abdulsalami? Ya tafi ɗauko Alhaji. Mutumin kirki ne, shekarunsa da mu ko allura bai taɓa ɗauka ba."

Ajimi ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa zuwansa sai mai gidan, ya koma Lamisula. Wannan karon bai zauna ba.

"Ka ce mini ka sayar wa Alhaji. Ba ka ce mini an dawo maka da ita ba."

Mahfuz ya dafe kanta. Gumi ya tsattsafo masa.

"Tsoro na ji, ranka ya daɗe. Na ga in na ce batirin ya ratsa ta hannuna, shi ke nan na shiga ciki. Direban ya kawo ta, gaskiya ne. Na duba na ce masa wannan batir ya mutu, kada a kuskura a sa shi a caji, zai tashi kamar bam. Kalmar da na faɗa ke nan, Allah ya yafe mini. Na ce ya bar shi in binne. Ya ce a'a, sai ya nuna wa Alhaji. Ya kwashe komai ya tafi."

"Shi kuma ya ce tana wurinka."

"Ka bincike shagon, ka bincike gidana."

Ajimi ya sa kofur biyu suka birkice shagon da ɗakin ajiyar da ke baya. Babu motar Alhaji. Maƙwabtan Mahfuz kuma sun shaida tun safe yana shago yana fama da wata rediyo. Wannan bai wanke shi duka ba, domin mutum na iya ɓoye abu a wani wuri ya aiki wani. Cikin su biyu ɗaya na ƙarya, kuma motar ce kaɗai za ta raba gardama.

A hanyar komawa ofis motarsu ta tsaya a shinge. Ajimi yana kallon yadda ake sauke fasinjojin keke, ana buɗe kowace leda, ana lalube kowane buhu. Wata babbar mota baƙa ta zo, matasan suka gane ta, suka ɗaga mata gora ta wuce, ko gilashi ba a sauke ba. Ajimi ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Daga nan ya san inda zai duba.

Washegari da sassafe, kafin masu ɗaukar Madu su iso, ya yi sallama a gidan Alhaji Maikuɗi, da kofur biyu da Mahfuz a bayansa. Alhaji ya fito da carbi a hannu, ransa a ɓace. A tsakar gidan wani mutum matsakaici yana wanke jif, mai sanyin fuska, da tabon sujada a goshi. Ya ajiye soso ya gaishe su cikin ladabi.

"Kai ne Abdulsalami?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Ina motar wasan da Hajiya ta ba ka?"

"Tana wurin wannan bawan Allah," ya nuna Mahfuz. "Na bar masa ita da komai nata."

"Jiya da hantsi kana ina?"

"Na sauke Alhaji a kasuwa na tafi layin mai."

"Ka bi ta Mafoni?"

"Ba abin da zai kai ni can."

"Buɗe mini but ɗin motar."

Ya buɗe ba tare da gardama ba. Babu komai sai darduma da jarkar ruwa.

"Ɗaga shimfiɗar. Fito da tayar safaya."

A nan hannunsa ya tsaya. Sai da kofur ya ture shi gefe ya ɗago tayar. A cikin ramin da ke ƙarƙashinta, a naɗe cikin tsumma, ga jar mota mai manyan tayoyi, duk jikinta ƙarce.

"Irinsu da yawa a gari," in ji Abdulsalami, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wannan ta wani ce ya ba ni ajiya."

Ajimi ya yi wa Mahfuz alama. Mahfuz ya durƙusa ya buɗe cikinta, ya sa mata lafiyayyen batir daga shagonsa, ya kunna ta, ya ajiye ta a kan siminti. Ajimi ya zaro rimot ɗin da aka tsinta a rumfar Madu ya ja kunamar. Motar ta zabura da wani irin kuka, ta ratsa tsakar gidan ta daki bango, ta kife, tayoyinta na ta juyawa a sama.

Alhaji ya dubi direbansa, ya dubi Ajimi. "Sufeto, fahimtar da ni."

"Alhaji, wanda ya yi wannan aiki ba bam ya haɗa ba, so ya yi a ce bam ne. Ya ji daga bakin mai shago cewa kumburarren batir zai tashi in aka sa shi a caji. Ya jira mai rumfa ya tafi sayen mai, ya shiga kamar mai kawo cajin waya, ya jona shi a ƙarƙashin tebur ya rufe da buhu. Amma gobara kaɗai ba ta kai mutum inda yake so a kai Madu. Sai da rimot. Da ya ajiye shi tun farko, da ya narke tare da wayoyin mutane ba wanda zai gane shi. Saboda haka ya riƙe shi, ya dawo da bokiti cikin masu kashe wuta, ya sulale shi ƙasa bayan an gama, ya ce a duba. Shi ya sa na same shi a bushe tas a wurin da komai ya ƙone ya jiƙe. Haƙoran ɗanka suka kawo ni gidanka. Mukullin mota da aka gani a yatsansa ya rage mini mutane."

"To me ya hana shi yar da motar?"

"A ina? A garin nan in ka jefa abu mai waya a kwata, kafin ka juya an tara maka jama'a. In ka ɗauke shi a ƙafa ko a keke, shingen farko za a buɗe. Ɗakinsa a cikin gidanka yake, yara na shiga. Wuri ɗaya ne ba a taɓawa, motarka, don kowa ya san ta."

Alhaji ya nemi bakin baranda ya zauna. Yana nan zaune aka fita da direban.

Saura dalili, kuma Ajimi bai tambayi Abdulsalami ba. Ya zaunar da shi a ofis, ya sa aka shigo da Madu ba tare da an gaya masa komai ba. Madu na ɗaga kai ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Jiya na tambaye ka abokin gaba, ka dubi ƙofa," in ji Ajimi. "Yau ga shi da ankwa. Ka san shi?"

Madu ya ɗaga hannu ya nuna shi.

"Sunansa Gana. Garinmu ɗaya. Ranar da 'yan ta'adda suka shigo mana shi ne a gaba, yana nuna musu gidajen malaman makaranta da gidajen waɗanda 'ya'yansu suka shiga sintiri. Shi ya nuna ƙofar yayana. Kwanakin baya ya tsaya sayen ƙosai a wurin Ya Gumsu, muka haɗa ido. Na gane shi, ya gane na gane shi."

"Me ya hana ka zuwa ka faɗa?"

"Ni wa, yallaɓai? Ɗan gudun hijira mai cajin waya, in ce direban Alhaji kaza ne? Ina da mata da 'ya'ya a ɗakin haya."

Abdulsalami bai musa ba. Kansa na sunkuye ya yi magana.

"Bindiga aka ɗora mini a ƙeya ranar nan. Da na sami hanya na gudu na bar su. Na canza suna, na yi aure, ina cin halal ɗina. Sai ga shi. Na daina barci. Na ce in aka tafi da shi a matsayin ɗan ta'adda, ko ya faɗi sunana ba mai yarda."

"Bindigar da aka ɗora maka, alƙali zai saurare ka a kanta," in ji Ajimi. "Jiya ba wanda ya ɗora maka komai. Tsohuwar fa?"

"Ban nufe ta ba. Ta ma yi mini sannu da zuwa da na shiga."

"An binne ta jiya da yamma."

Abdulsalami ya rufe fuska da hannayensa masu ankwa. Kofur ya tashe shi ya fita da shi.

Da masu binciken ta'addanci suka iso, DPO ya shiga da su ofishinsa, Ajimi ya jera musu komai a tebur. Suka tafi da wanda ya kamata. Kafin azahar aka miƙa wa Madu takalmansa da hularsa.

Ajimi ya raka shi har bakin ƙofar harabar. Ya gaya masa cewa ya aika wa Bulama, wato mai unguwar, za a tara mutanen layin a faɗa musu gaskiya a gaban Hashim. Sannan ya faɗi abin da ya fi nauyi.

"Maganar gobara da ran tsohuwa, hujjata ta isa. Maganar garinku kuwa ba ni da kowa sai kai. Ba zan tilasta ka ba."

Madu ya tsaya yana kallon titi, kekuna na wucewa.

"In na tsaya a kotu na faɗa, yallaɓai, wa zai kwana a ƙofar ɗakina? Ba shi kaɗai ba ne ya shigo gari ya canza suna."

Ajimi ya so ya ce hukuma za ta kare shi. Ya san iyakar kofur nawa yake da su da iyakar abin da za su iya, don haka bai faɗa ba.

"Ba ni da wanda zan ajiye maka kullum. Abin da zan iya, zan yi."

Madu ya gyaɗa kai, kamar amsar da yake tsammani ke nan. Ya sa hularsa, ya gyara mata zama.

"Matar yayana tana sansanin gudun hijira da yara huɗu. Har yau ƙaramin yana tambaya wa ya kawo mutanen gidansu. Na yi shiru, shirun nan ya ci tsohuwar da ba ruwanta." Ya share leɓensa da ya kumbura. "Bari in je in yi wa 'ya'yanta gaisuwa, in ga iyalina. Ranar da za a zauna, ka aiko a kira ni."

Ya taka zuwa bakin titi ya tsayar da keke.